Gubar da ke shigowa asibiti a jikin riga

Daga tsakiyar watan Yuli zuwa Oktoba, duk wanda ya bi hanyar Garwa zuwa Ngong, ko ta Pitowa zuwa Gidar da sassafe, zai ga samari a cikin gonakin auduga da famfon feshi a hannu ko goye a baya. Tsarin da aka saba bi a yankin auduga shi ne a fara feshi kimanin kwana 45 bayan tsiro, a riƙa maimaitawa duk bayan mako biyu, har kusan sau shida a damina guda. Ga feshin ciyawa na farkon shuka, ga na wake, ga na albasa da tumatir a gaɓar Binuwai da rani, ga kuma maganin da ake zuba wa hatsi a rumbu da buhu bayan kaka. Babu watan da guba ba ta ratsa hannun talaka a arewacin Kamaru da kudancin Chadi. Idan ta kuɓuce ta shiga jikin mutum, aka ɗora shi a babur aka nufi asibiti, me zai tarar a bakin ƙofa?

Abin da na gani a shekarun da na yi ina aikin jinya, a ƙauye da cikin gari, shi ne zai tarar da mutanen kirki masu son taimako, amma da wuya ya tarar da tsari. Za a sauke shi, a kama hannu da ƙafa, a wuce da shi kai tsaye ɗakin gaggawa, a shimfiɗe shi da rigarsa sharkaf da magani da amai. Kafin minti goma wari ya cika ɗakin. Matar da ke jinyar ɗanta a gadon kusa ta fara tari, ma'aikaciyar da ke neman jijiya ta fara jin kanta na sarawa, shi kuwa fatarsa tana ta tsotsar abin da ke jikin rigar. Ra'ayina shi ne a bakin ƙofa ake cin wannan yaƙi ko a faɗi, kuma abin da ƙofar take buƙata bai kai tsadar da ake tsoro ba.

Ya kamata mai karatu ya san abin da maganin ƙwari ke yi wa jiki, domin a nan gaggawar take. Da yawa daga cikin masu ƙarfin, ajin organofosfet ne ko ɗan'uwansa kabamet; ruwan fiya-fiya da ake sayarwa a 'yan kwalabe a bakin kasuwa don sauro da kuɗin cizo, da Sniper da ke shigowa ta Mubi da Yola, duk cikin dangin suke. Jijiya tana aika wa tsoka da sauran gaɓoɓi saƙo ta hanyar wani sinadari, sannan akwai wani sinadarin da aikinsa shi ne share saƙon da zarar ya isa. Gubar tana kashe mai sharewar ne. Sai saƙo ya yi ta tafiya babu tsayawa: miyau ya yi ta dalala, hawaye da gumi su yi ta zuba, amai da gudawa su ɓarke, baƙin ido ya tsuke ya zama ɗigo, tsoka ta riƙa ɓari, bugun zuciya ya ragu. Abin da ke kisa shi ne ƙirji. Hanyoyin numfashi suna matsewa, suna cika da majina da ruwa, har mutum ya kasa shaƙar iska alhali yana kwance a busasshen gado. Kuma gubar ba sai an sha ba. Tana ratsa fata, musamman fatar da ta jiƙe da gumi, tana shiga ta ido, tana shiga ta numfashi.

Don haka rigar da ke jikinsa ba sutura ba ce a wannan lokaci, ci gaban gubar ce. Littattafan koyar da agajin gaggawa suna cewa cire tufafi kaɗai yana kawar da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na abin da ya zuba wa mutum. Ko da lissafin bai cika haka a kowane hali ba, babu allurar da ke yin wannan aiki cikin minti ɗaya, kuma kyauta.

Ƙasashe masu kuɗi ma da tsada suka koyi wannan darasi. Ranar 20 ga Maris 1995 wata ƙungiya ta saki iskar sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Tokyo. Sarin ɗan'uwan maganin ƙwarinmu ne, hanyar kisansu ɗaya, sai dai ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba. Asibitin St. Luke da ke kusa ya karɓi mutum kimanin 640 a rana guda, kuma ƙalilan ne motar asibiti ta kawo. Mafi yawa da ƙafa suka zo, ko a tasi, ko a motar wani mai tausayi. Ba a tuɓe su a waje ba. Da aka bincika daga baya, kusan kashi 23 cikin ɗari na ma'aikatan da aka tambaya sun ji alamun gubar a jikinsu, kuma abin ya fi muni a ɗakin ibadar asibitin, inda aka jibge marasa lafiya a wurin da iska ba ta ratsawa sosai. A shekarar 2000 kuma, a jihar Jojiya ta Amurka, mutum ɗaya tal da ya sha maganin ƙwarin dabbobi aka shigar ba tare da an wanke shi ba, ma'aikata uku suka kamu, ɗaya sai da aka sa mata na'urar numfashi.

Ba na kawo waɗannan don in tsorata abokan aikina. Tsoro shi ma yana kisa. Yawancin abin da ke sa ma'aikaci ciwon kai da tashin zuciya a ɗakin da aka kwantar da mai gubar feshi, warin man da aka narkar da maganin a ciki ne, kuma da safar hannu mai kauri, da rigar leda, da tagogi a buɗe, haɗarin ƙanƙani ne. Na fi jin tsoron ranar da ma'aikata za su watse su bar mutum yana shure-shure saboda wari, fiye da ranar da wani zai yi ciwon kai. Wanda aka koya wa abin da zai yi ba ya gudu, ba ya kuma rungumar mara lafiya hannu tsirara. Takunkumin takarda da muka saba da shi tun zamanin korona ba ya tare tururin guba. Iska mai wucewa ce ke korar shi, shi ya sa waje ya fi ɗaki.

To me nake nema a ƙofa? Rumfa, kusa da sashen gaggawa amma a wajensa, daɓen siminti mai gangare zuwa ramin da ba ya kusa da rijiya. Tankin ruwa nata na kanta, wanda ba a taɓa shi don wanki ko ban ruwan fulawa, domin kowa a Garwa da Marwa ya san famfo na iya ɗaukewa a ranar da aka fi buƙatarsa. Tiyo, bokitai, sabulu, tsummoki masu tsotsar ruwa, manyan ledoji na ɗaure kaya, safar hannu ta naitiril domin ta roba mai laushi ba ta daɗewa a gaban waɗannan magunguna, takalman roba, tabarau na kare ido. Da almakashi mai ƙarfi. Almakashin nan kada a raina shi: kusan duk suturarmu ta kai ake cire ta, jallabiya, 'yar shara, rigar ƙwallo, hijabi. Idan aka zare jiƙaƙƙiyar riga ta kai, an shafa wa mutum gubar a ido da hanci da baki. Yanke ta ake yi daga wuya zuwa ƙasa, a naɗe ta waje, a ɗaure a leda. Kayan fata kuma suna shan magani ba sa saki: takalmi, ɗamara, laya, guru, kambu. Dole su fita daga jiki, kuma a gaya wa mai su ko danginsa dalili cikin mutunci, a ɗaure musu a leda ta daban, kada a wurgar a gabansu. Bayan haka a goge inda maganin ya taru, a wanke da ruwa da sabulu ba tare da dirza ba, a bi gashi da kitso da ƙarƙashin farce da hammata. Idan asid ne ko soda, ruwa mai yawa nan take, ido kuma a yi ta zuba masa aƙalla minti 15.

Kuma wanka ba ya jiran magani, magani ba ya jiran wanka. Wanda numfashinsa ke tafiya, a rumfar za a zuƙe masa majina, a ba shi oksijin, a yi masa allura, ana yanka rigar a lokaci guda.

Akwai abin da takardun horo da ake kawo mana daga Yawunde ko daga Turai ba sa tsayawa a kansa, alhali a wurinmu shi ne kan gaba: kunya da sutura. An rubuta “a tuɓe mara lafiya” a layi ɗaya an wuce. A unguwar Yelwa ko Fulɓere ta Garwa, ko a wani ƙauye bayan Lagdo, wannan layi ɗaya na iya tsayar da aiki cak. Na tuna wata matashiya da aka kawo mana da damina, jarkar magani ta tuntsure mata a jiki daga saman katanga, zanenta da hijabinta duk sun sha. Surukinta ne ya rako ta, dattijo mai kamala, mijin yana gona. Da na ce sai an cire kayan, sai ya tsaya tsakanina da ita ya ce, “Yaro, matar ɗana ce. Ka yi mata allura dai.” Na ce, “Baba, wallahi ba ni zan taɓa ta ba. Ga Inna nan mai shara, ga ƙanwata ma'aikaciya, su za su shiga da ita bayan ɗaki. Maganin da ke zanen nan yana shiga jikinta yanzu haka da muke magana.” Ya yi shiru, sannan ya cire rawaninsa ya miƙa, ya ce a yi labule da shi. Ta rayu. Amma mintocin da muka ɓata muna neman inda za a sakaya ta, da zanen da za ta ɗaura bayan wanka, da a ce maganin ya fi haka ƙarfi, su ne za su tafi da ita.

Dattijon nan bai yi laifi ba. Abin da ya nema hakkinta ne. Laifin na tsarin da bai tanadi labule ba. Rumfar da nake magana dole ta kasu biyu, maza da mata, da katanga ko tabarmar kaba mai tsayi a tsakani. Dole kowane zagayen aiki, dare da rana, ya kasance da mace aƙalla ɗaya da ta san wannan aiki, ko da ba nas ba ce. Dole a ajiye zannuwa masu tsabta, goma ko ashirin, waɗanda za a ba mutum ya rufe jikinsa. Wannan kuwa abu ne da ƙungiyar matan unguwa ɗaya za ta iya ɗauka a wuyanta. Ina kuma roƙon malamanmu da limamai, da shugabannin coci a garuruwan da ke da su, su faɗa a kan mumbari kafin damina cewa ceton rai yana gaba, kuma lalura tana da hukuncinta a shari'a. Magana ɗaya daga liman ranar Juma'a ta fi takardar bango ɗari da aka rubuta da Faransanci.

Wa ke fara ganin mara lafiya? Ba likita ba ne. Maigadi ne, sai mai karɓar kuɗi, sai mai tura keke. Su ne ba a taɓa kira idan an zo horo, domin horo a wurinmu na masu takardar shaida ne, ana yin sa a otal, a raba kuɗin zama a watse. Ni kuwa da za a ba ni zaɓi, maigadi zan fara koya wa abu uku: wari irin na fetur ko tafarnuwa a jikin mutum, miyau da gumi da tsukakken ido, da kuma mutum uku ko fiye da suka zo lokaci ɗaya daga wuri ɗaya da ciwo iri ɗaya. Idan ya ga haka, ya nuna rumfa, ya buga ƙararrawa. 'Yan acaɓa ma suna cikin lissafi, domin su ne motar asibitinmu ta gaskiya. Wanda ya goyo mai guba daga Pitowa, ƙirjin mara lafiya manne da bayansa, shi ma sai an cire masa riga an duba shi kafin ya koma ɗaukar fasinja.

Sai maganar atirofin. Tsohon magani ne, mai arha, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma shi ne ke busar da ƙirjin mai gubar organofosfet. Amma yadda ake amfani da shi a nan ya bambanta da sauran wurare. Ana fara wa babba da miligiram 1 zuwa 3 ta jijiya, idan bayan minti biyar ƙirji bai washe ba a ninka, a sake ninkawa, har sai ƙirjin ya bushe, bugun zuciya ya haura 80. 'Yar kwalbar allura ɗaya miligiram 1 ce ko ƙasa da haka. Ke nan mutum ɗaya da ya sha da yawa zai iya cinye kwalabe 20, 30, har fiye, cikin awa ta farko. Asibitin da ke da kwalabe goma a kabad yana ganin yana da atirofin, alhali bai da na mutum ɗaya. Gida guda kuwa idan suka ci tuwon hatsin da aka zuba wa magani, mutum shida ko bakwai za a kawo.

A nan ne al'adar “a biya kafin a taɓa” take zama hukuncin kisa. A rubuta takardar magani, ɗan'uwa ya ruga kantin magani, ya tarar babu, ya hau babur zuwa wani, ya dawo da kwalabe biyar domin kuɗinsa ke nan. Ina ganin ya zama doka: akwatin guba a kowane sashen gaggawa, a rufe da hatimi, a ciki akwai atirofin mai yawa, da diyazefam na farfaɗiya, da firalidoksim, makarin da ake haɗawa da atirofin, inda aka samu, da bututun zuƙe majina, da jakar hura numfashi ta hannu. A buɗe ba tare da tambayar ko sisi ba, a yi lissafi daga baya. Tukunyar oksijin ma ta zama a cike, domin na'urar da ke tace oksijin daga iska tana mutuwa tare da wutar lantarki, kuma mun san halin wuta idan ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu lantarki ya ja baya. Sannan kada a yi saurin sallama. Wasu suna farfaɗowa har su nemi abinci, bayan kwana ɗaya zuwa huɗu tsokar wuya da ta numfashi su saki. Wanda ya kasa ɗaga kansa daga matashi, numfashinsa na gab da tafiya.

Ba kowace guba ce ta atirofin ba, kuma wannan ya sa sanin sunan abin ya zama rabin magani. Ƙwayar da ake jefawa a buhun wake da masara tana fitar da iskar fosfin idan ta ji danshi. Ba ta da makari, tana kashe yara da ke kwana a ɗakin da aka jibge buhuna, kuma aman wanda ya haɗiye ta yana fitar da iskar, don haka a wuri mai iska ake kula da shi. Farakwat na kashe ciyawa shi ma ba shi da makari, kuma oksijin da ke ceton wasu yana ƙara masa ƙarfin cin huhu, sai in ba makawa ake bayarwa. Yaron da ya sha kananzir ko fetur ɗin zuwa-zuwa, wato na bakin hanya, daga gorar lemo, idan aka sa shi amai, man ya faɗa huhu. Wanda ya sha sodar da mata ke haɗa sabulu da ita, amai zai sake ƙona maƙogwaron da ya riga ya ƙone. Amma abin da ake fara yi a gida shi ne ɗura madara, ko manja, ko ruwan gishiri, a danna yatsa a maƙogwaro. Soyayya ce ke sa haka, na sani, amma ɗure ga wanda hankalinsa ke gushewa yana tafiya huhu ne. Abin da gida zai yi wa mutum na alheri shi ne a cire kaya, a wanke, a kwantar da shi a gefen hagu, a taho da shi, a kuma taho da kwalbar a ɗaure cikin leda, ko a ɗauki hotonta a waya.

Wata wahalar ita ce ɓoyewa. Idan mutum da kansa ya sha saboda baƙin ciki, ko rikicin aure, ko bashi, dangi kan ce zazzaɓi ne, ko iska ce ta buge shi. Da damina, lokacin da gadaje ke cike da masu maleriya, ga amai da gudawa sun yi kama da kwalara, ƙaramin ma'aikaci zai iya bin hanyar da ba ita ba har lokaci ya ƙure. Ido da miyau da warin jiki su ne ke tona gaskiya. Kuma idan dangi sun tabbata ba za a yi musu gori ko a tara musu jama'a ba, sukan ja ma'aikaci gefe su faɗa.

A Bofal ta Indiya, daren 2 zuwa 3 ga Disamba 1984, iskar da ta tsere daga masana'antar maganin ƙwari ta kashe dubban mutane, kuma likitocin da jama'a suka cika wa asibiti ba su san takamaiman abin da suke yaƙa ba. Namu rashin sanin ƙarami ne amma na kullum, kuma maganinsa yana hannu. Kamfanin auduga na SODECOTON, wanda aka kafa a 1974 kuma hedikwatarsa ke nan Garwa, shi ke raba wa manoma fiye da dubu ɗari kayan noma bashi ta hannun ƙungiyoyinsu, kamar yadda Cotontchad ke yi daga Mundu. Sun san sunan kowane maganin da za a raba a kowace damina tun kafin ruwa ya sauka. Me zai hana a aika wa kowace gundumar lafiya takarda mai shafi ɗaya a watan Mayu: ga magungunan bana, ga hoton jarka, ga ajin kowanne, ga alamunsa, ga makarinsa? Abin da ke shigowa ta kan iyaka a sake ɗura shi a gorar ruwa babu suna, wannan aikin kwastan da ma'aikatar noma ne. Najeriya kanta ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben Sniper a 2019. Sai kuma lambar waya ɗaya, dare da rana, da nas a Tuboro ko Kaele zai kira ya sami wanda ya san guba. Maroko na da irin wannan cibiya, Senegal na da ita, amma ƙasa da rabin ƙasashen duniya ne ke da su. Ba gini ake buƙata da farko ba. Likitoci da masu haɗa magani 'yan kaɗan da aka horar, da waya mai caji.

Duk wannan maganar mutum ɗaya ce ko gida ɗaya. Babbar rana kuma tana iya zuwa. Jirgin ƙasa yana tsayawa a Ngaundare, daga nan duk abin da za a kai Injamena ta wannan hanya a bayan manyan motoci yake bi, ya ratsa Garwa da Marwa zuwa Kusiri, ko ya karkata ta Tuboro zuwa Mundu: man fetur, takin zamani, magungunan feshi, sinadaran masana'antu da na tace ruwa. Hanyar tana bi ta tsakiyar kasuwanni. A tashar jiragen ruwa ta Akaba a Jodan, cikin Yunin 2022, tanki ɗaya na iskar kilorin mai guba ya suɓuce daga ƙugiya, mutum 13 suka mutu, fiye da 250 suka jikkata. Kilorin ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi, yana taruwa a kwari. Ƙasarmu ma ta san mutuwar iska: iskar da ta taso daga tafkin Nyos ta kashe mutum 1,746 a daren 21 ga Agusta 1986. Idan irin wannan ta faru a kan hanyarmu, jama'a ba za su jira 'yan kwana-kwana ba. Za su ruga wurin don taimako, su kwaso mutane a babura, kuma kowane mara lafiya zai zo da 'yan'uwa goma. Asibitin da bai san yadda zai rufe ƙofofinsa ya bar guda ɗaya ba, cikin rabin awa zai zama wurin haɗari na biyu.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne mun taɓa yin irin wannan. Annobar kwalara ta 2010 da ta addabi jihar Arewa Mai Nisa ta koya wa asibitocinmu kafa tanti a waje, da raba hanyar shiga da ta fita, da tsayar da mutum a ƙofa yana fesa ƙafa, da hana dangi cunkoso. Hannayen da suka iya wancan za su iya wannan. Abin da ya rage shi ne gwaji. Ba a fafe gora ranar tafiya: sau ɗaya a shekara, kafin feshi ya kankama, a ɗauki safiya guda, ɗaliban makarantar jinya su zama marasa lafiya, a shafa musu gari a riga, a kira 'yan kwana-kwana da 'yan acaɓa, a ga minti nawa za a ɗauka daga ƙofa zuwa allurar farko, a ga inda garin ya kai a cikin asibiti. A nan za a gane tiyo ya tsage, makullin akwati yana aljihun wanda ya tafi hutu, ko babu mace a aikin dare.

Na san abin da za a ce, kuma masu cewa ba su yi ƙarya ba: maleriya, da haihuwa, da haɗarin babur, da tamowa sun fi guba kisa a yankinmu, kuɗi kuma kaɗan ne. Da ina neman a sayo rigunan nan masu rufe mutum ruf da tukunyar iska a baya, da sun fi ni gaskiya. Irin waɗannan, a zafin Garwa na Maris da Afrilu da ke haura digiri 40, babu mai iya daɗewa a cikinsu, kuma ƙarshensu sito. Abin da na lissafa kuwa, ban da atirofin da safar hannu, kullum za a mora. Rumfar wanka za ta karɓi wanda ya ƙone da wanda ya faɗi a babur jikinsa duk ƙasa. Oksijin da bututun majina su ne dai na yaro mai ciwon huhu da mai jego da ta jijjiga. Kamaru da Chadi kuma duk suna ƙarƙashin Dokokin Lafiya na Duniya na 2005, waɗanda suka wajabta shirin haɗarin sinadarai. Alkawari ne da aka riga aka ɗauka. Kuɗin kuwa, ina ganin adalci shi ne ya fito daga cinikin gubar kanta: 'yan sefa kaɗan a kan kowace lita da aka shigo da ita, a ware su ga akwatunan guba da rumfuna a gundumomin da ake feshi.

Akwai aiki ɗaya da ba ya cin ko sisi, shi ne rubutu. A yau mai gubar feshi yakan shiga rajista a matsayin amai da gudawa, ko suma, ko a bar gurbin fayau. Akan yi ƙiyasin yawan mutanen da maganin feshi ke yi wa illa bisa kuskure kowace shekara a duniya, amma ƙiyasin duniya ba ya sa gwamna ko minista ya motsa. Adadin gundumarsa ne ke sa shi. A arewacin Benin, sai da aka ƙirga aƙalla mutum 37 da maganin ƙwarin auduga mai suna endosulfan ya kashe a yankin Borgu a daminar 1999 zuwa 2000 kafin maganar hana shi ta yi ƙarfi, daga baya aka sa shi cikin yarjejeniyar Stockholm ta hana sinadarai masu guba a 2011. Siri Lanka ta bi bayanan asibitocinta ta gano 'yan magungunan da suka fi kisa, ta hana su ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin 1995 da 2015 yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari, an ƙiyasta rayuka 93,000 sun tsira, kuma amfanin gona bai faɗi ba. A ƙara layi huɗu a rajistar kowane sashen gaggawa daga Ngaundare zuwa Kusiri: sunan maganin, yadda ya shiga jiki, inda aka saye shi, da yadda aka ƙare. Shugaban gundumar lafiya ya tattara su a ƙarshen Oktoba, ya ajiye kwafi ɗaya a teburin wakilin ma'aikatar noma, ɗaya a na kamfanin auduga, kafin a yi odar magungunan damina mai zuwa.